Injin da Baba Ya Hana a Hura wa Wuta: Nazarin Gyaran Wani Tsohon Injin Tururi a Kumasi

Tambayar farko da aka yi a kan injin nan ba ta tarihi ba ce. Tan nawa zai yi a kan sikeli, ita ce tambayar. Wani Alhaji mai sayen tsofaffin ƙarafa a Aboabo, irin waɗanda yaransu ke zaga unguwanni da kura suna kiran "kondem, kondem", shi ya sayi tarkacen wani gidan yankan katako da ya daɗe da mutuwa a wani ƙauye kan hanyar Sunyani. A cikin tarkacen akwai wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe kwance a kan ƙafafu huɗu, da dogon bututun hayaƙi da aka kwantar a gadon bayanta, da babban wili a gefe wanda ya kusa kamo kafaɗar mutum. Yaran Alhaji har sun jawo gas za su fara yanka, sai wani dattijo da ya bi ta ƙofar yadin zai tafi sallar La'asar ya ja ya tsaya, ya ce a dakata.

Dattijon nan, wanda kowa a unguwa Baba kawai yake ce masa, ya haura tamanin. Da ƙuruciyarsa ya shiga aikin reluwe a Lokeshan ta Sekondi, wurin gyaran jiragen ƙasa, ya fara da goge injina da kwashe toka, ya zama mai zuba wa jirgi kwal, daga baya ya hau kujerar direba. Ni kuwa malamin aikin ƙarfe ne a wata makarantar koyon sana'a a nan Kumasi, kuma ni aka damƙa wa littafin aikin tun ranar farko. Daga cikinsa nake tsamo abin da zan faɗa.

Mene ne injin, kuma me ya sa aka bar shi da rai

Ba kan jirgin ƙasa ba ne, ko da yake ɗan'uwansa ne na jini. Injin tururi ne irin wanda ake ja a kai shi wurin aiki, a kafe ƙafafunsa, a ɗaura bel daga wilinsa zuwa zarto ko injin niƙa. Garuruwan Linkon da Genzboro a Ingila sun yi suna wajen ƙera irinsa, suka watsa su duniya. Gidajen katako sun so shi saboda ba ya tsaya zaɓen abinci: guntayen itatuwan katako irin su wawa da odum, da garin zarto, duk abin da aka jefa masa zai ci. Tukunyarsa kuwa sak ta jirgin ƙasa ce. Akwai akwatin wuta a baya wanda ruwa ya kewaye, sai bututai da yawa da zafi ke bi ta cikinsu yana ratsa ruwan har zuwa akwatin hayaƙi a gaba. Shi ya sa Baba ya gane shi daga bakin titi.

Dalilin da ya sa muka damu kuwa a fili yake ga duk wanda ya san garin nan. Tururi ne ya shigo da dogo Kumasi. An fara shimfiɗa layin daga Sekondi a 1898, ya isa Tarkwa a 1901, Obuasi a 1902, ya shigo Kumasi a 1903, shekara uku kacal bayan yaƙin Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci Asante a kan Turawan Ingila. Layin Ankara, babban birnin Gana, ya haɗe da Kumasi a 1923, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Takoradi a 1928. Koko da katako da ma'adinai ta wannan hanya suka riƙa gangarawa teku, kuma 'yan Zango da yawa a kanta suka ci abinci, daga masu dako a tasha har fataken goro. Amma yau ka ɗauki yaron Asawase ka ce ya nuna maka injin tururi yana numfashi, ba shi da inda zai kai ka. A wayarsa kawai ya taɓa gani.

Akwai wasu mutanen unguwa da suka riga suka fara tara tsofaffin kaya a wani tsohon sito na koko, da niyyar mayar da shi ɗan ƙaramin gidan tarihi na sana'o'i: sikelin koko, keken ɗinki na hannu, zuga-zugin maƙera, dutsen guga na gawayi. Su suka je wa Alhaji. Bai bayar kyauta ba, kuma ban ga laifinsa ba, kuɗinsa ya sa. Ya dai yarda a biya shi kuɗin nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan, ya kuma ba da motarsa aka kai injin siton.

Rabin aikin da Magazin ta cinye kamar wasa

Duk wanda ya san Magazin ta Suame ya san ba a kai mata ƙarfe ta ce ba ta iya ba. Dubban makanikai ne da masu walda da masu zubi da masu injin feƙe ƙarfe, kowa da rumfarsa. Ɓangaren injin da ke motsi, wato silinda da fistin da sanduna da wili, bai ba su wahala ba ko kaɗan.

Fistin ya cije a cikin silinda, tsatsa ta riƙe shi gam. Wani matashin makanike ya ɗauko babbar guduma, Baba ya riƙe masa hannu. Ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, in ya tsage kuma an gama. Aka cika silindar da gas ɗin mota gauraye da baƙin mai, aka bar ta tana jiƙa. Kullum da safe Baba zai zo ya ɗora guntun katako a kan fistin ya ɗan ƙwanƙwasa, ya tafi abinsa. Sai da aka shafe makonni ana haka, ran nan fistin ya motsa kamar faɗin farce. Yaran suka yi ihu kamar an ci ƙwallo.

Duk wani abu na tagulla ɓarayi sun riga sun kwance tun injin yana daji: kofunan mai, famfuna, usur, da bush ɗin da sandar wili ke juyawa a ciki. Wannan ma bai gagara ba. Kafinta ya sassaƙa samfurin kowanne da katako bisa awon da muka ɗauka da kuma abin da Baba ya zana a bayan kwalin siga, mai zubi ya danna samfurin cikin yashi ya zuba narkakkiyar tagulla, mai injin feƙewa ya gyara fuska. Zaren kusoshin ya ɗan ba da ciwon kai, domin tsohon zaren Ingila ne na Witwot, ba na milimita da ake samu a kasuwa yanzu ba, sai da aka riƙa yanka kowane noti da kansa. Gwamnan injin, wato ƙwallayen ƙarfe biyu da ke juyawa suna buɗewa idan gudu ya yi yawa su rage tururi, ɗaya ta ɓata, aka zuba wata daidai nauyin 'yar'uwarta.

Kuskure ɗaya muka yi a nan, kuma nawa ne, don ni ne malami a wurin. Da aka ɓamɓare kwanon da ya lulluɓe tukunyar, sai ga wani farin abu kamar auduga mai ƙura a ƙarƙashi. Yara biyu suka soma kwashewa da hannu, ƙurar tana tashi. Sai da aka yi nisa na farga asbesto ne, abin da ake naɗe tsofaffin tukwane da shi don riƙe zafi, wanda ƙurarsa ke lahanta huhu bayan shekaru. Muka tsayar da aiki, aka jiƙa sauran da ruwa sharkaf, aka kwashe da abin rufe hanci cikin leda biyu-biyu. Har yau abin yana damuna. Wanda duk zai taɓa tsohuwar tukunyar tururi, ya fara zargin farin abin nan kafin ya fara zargin tsatsa.

Da aka harhaɗa komai, mutum biyu suna iya juya wilin da hannu, fistin yana kai da komo sumul. Aka shafa fenti kore. Kwamiti ya fara maganar ranar buɗewa da wanda za a gayyata.

Inda aka yi karo

A nan ne lamarin ya zama abin nazari, domin daga nan matsalar ta tashi daga ta ƙarfe ta koma ta ɗabi'a.

Mastan waldan da muke aiki da shi gwani ne, ba na ko tantama. Shekara da shekaru yana ɗinke tankunan manyan motoci da shasin tirela. Ya leƙa ƙasan akwatin hayaƙi ya ga inda tsatsa ta ci, ya ce aikin kwana biyu ne: a yanko faranti, a ɗora a kai, a zagaye da walda. "Baba, a lallaɓa kawai. Ba tafiya za ta yi ba, a tsaye take."

Wannan kalma ta "a lallaɓa" ita ke riƙe da rabin motocin da ke kan titin ƙasar nan, kuma ba raina ta nake yi ba. Mota in an lallaɓa ta ta gaza, gefen titi take tsayawa, fasinja su sauka su yi tsaki. Baba ya ce tukunya ba ta tsayawa gefen titi.

Ga abin da yake nufi, da lissafi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100. Amma idan aka rufe shi matsi ya kai fam 100 a kan kowane inci murabba'i, ruwan yana kaiwa wajen digiri 170 bai zama tururi ba, matsi ne ya danne shi. Ranar da faranti ya yage, matsin ya tafi a ƙiftawar ido, wani kaso na ruwan nan sai ya rikiɗe tururi nan take, shi kuwa tururi a sarari yana neman wuri kusan ninki 1,600 na ruwan da ya fito daga gare shi. Ba tururin da ke sama ne abin tsoro ba, ruwan da ke ƙasa ne. Shi ke ɗaga tukunya mai nauyin tan-tan ya wurga ta ta cikin bango. Kuma mu 'yan makaranta muke shirin tarawa a kewaye da ita.

Baba bai yi wannan lissafin ba. Ƙaramar guduma ya ce a ba shi. Ya sa aka buɗe ƙofar wuta, aka shimfiɗa masa buhu, ya zura rabin jikinsa ciki da tocila a baki, jikansa yana riƙe da ƙafafunsa. Ya riƙa bin farantin yana bugawa a hankali, taki ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙarfe ke da lafiya sai ka ji ƙara tas, mai zaƙi. Da ya gangaro ƙasa, kusa da inda toka ke taruwa, sai sautin ya koma dum-dum kamar ana buga kwali. Ya bi kawunan sandunan da ke riƙe bangon ciki da na waje na akwatin wuta, waɗanda su ke hana matsi ya turo bangon, yana sa wa wasu alama da alli. Da ya fito, fuska duk baƙi, ya miƙa wa Masta gudumar.

"Masta, zo ka ji da kunnenka. Ni ba gardama na zo yi ba."

Masta ya buga, ya ji, amma bai sauka daga kan maganarsa ba. Ya ce duk inda ya yi dum zai iya ɗora faci. Baba ya ce faci a kan ruɓaɓɓen faranti kamar ɗinka sabon yadi ne a jikin tsohuwar riga, gefen ɗinkin ne zai yage. Alhaji, wanda zuwa lokacin ya zama ɗan kwamiti da kansa, ya goyi bayan Masta, don yana ganin an riga an faɗa wa jama'a rana. Aka kwana biyu ba a ga-maciji.

Ni na kawo shawarar a bar ruwan sanyi ya raba gardama, domin haka ake yi ko'ina. Ana cika tukunya da ruwa maƙil, ba a bar iska ko kaɗan, a toshe kowace ƙofa, sannan a riƙa tura ƙarin ruwa da famfon hannu har matsi ya wuce wanda za ta yi aiki da shi, yawanci ninki ɗaya da rabi. Hikimar ita ce ruwan sanyi ba ya matsuwa, don haka ba ya tara ƙarfi. In wani wuri ya gaza, tsartuwa kawai zai yi ya jiƙa maka riga.

Muka aro famfo da geji. Wani ɗalibina ya riƙa bugawa, mu duka idonmu a kan allura. Ba ta kai ko rabin inda muke nema ba sai muka ji ɗis, ɗis, a cikin akwatin wuta. Bakin bututai da dama sun fara hawaye. Aka ƙara bugu kaɗan, sai wani siririn ruwa ya tsarto daga ƙasan bango, daidai cikin da'irar allin Baba, ya bugi ƙofar. Allura ta koma ƙasa. Ba wanda ya ce uffan. Masta ya tsuguna ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya tura ɗan yatsa, ƙarfen ya ɓurma kamar busasshen ƙosai. Daga baya wani injiniya ya zo da na'urar auna kaurin ƙarfe da sauti, ya tabbatar da kusan duk inda allin ya zagaye, har ya ƙara mana wani wuri a saman akwatin wutar da gudumar ba ta kama ba. Wannan ya kamata a faɗa, domin kada a ɗauka kunnen tsoho ya wadatar. Bai wadatar ba, shi ma Baba bai ce ya wadatar ba.

Musabbabin ɓarnar ba wani abin mamaki ba ne. Ranar da gidan katakon ya tsaya, ba wanda ya kwashe toka ko ya zubar da ruwa. Toka in ta sha damina tana cin ƙarfe, ga kuma shekarun da aka yi ana ɗura wa tukunyar ruwan rafi, laka da ƙanzo suka taru a ƙasa.

Hanyoyin da suka rage, da wadda aka bi

Na farko, a yi gyaran gaske: a cire bututai duka, a yanke ruɓaɓɓen faranti a sa na tukunyar tururi na ainihi mai takardar shaida, a sauya sanduna, a samo sabon bawul mai sakin tururi idan matsi ya wuce kima, da gilashin duba ruwa, da toshen dalma da ake ɗaurawa a saman akwatin wuta don ya narke ya yi gargaɗi idan ruwa ya yi ƙasa. Sannan hukuma ta duba, domin dokar masana'antu da ofisoshi da shaguna ta Gana ta 1970, doka mai lamba 328, ta shafi tukwanen tururi, kuma akwai sashen masu duba masana'antu da ke da alhakin haka. Kuɗin wannan ya fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Ba mu kaɗai ba ne. A Ingila, inda ake da masu sa kai da masu ba da gudummawa, tukunyar kan jirgi takan yi shekara 10 ne tana aiki, sannan a kwance ta gaba ɗaya a sake dubawa. Shahararren kan jirgin nan Flying Scotsman, wanda aka ƙera a 1923, shekarar da dogon Ankara ya iso mu, gidan tarihin jiragen ƙasa na Yok ya shafe daga 2006 zuwa 2016 yana gyaransa, aka kashe sama da fam miliyan 4.

Na biyu, a bar shi a tsaye a goge, a rataya masa allo. Haka ba abin kunya ba ne. Gidan tarihin reluwe na Saliyo da aka buɗe a Firitawun a 2005 ya tsira da kawunan jiragensa ne ta wannan hanya, bayan dogon ƙasar ya mutu tun tsakiyar shekarun 1970. Abin da ke ɗan sosa rai shi ne ɗaya daga cikin kawunan jiragen Saliyo, mai lamba 85, wanda aka saya aka kai Wels a 1975, can ne ya ci gaba da jan fasinja da wutarsa.

Na uku shi muka bi, kuma Masta ne ya kawo shi, abin da ya ƙara masa girma a idona. A raba injin da tukunyarsa. A toshe hanyar da ke tsakaninsu, a jawo bututu daga kwamfaresa irin ta masu faci a ɓoye a bayan bango, iska ta tura fistin a madadin tururi. Tunda ba zarto zai ja ba, matsi kaɗan ya isa. Aka sauya mai zuwa mara kauri, domin man silinda na tururi sai da zafi yake gudu. Aka yi shingen ƙarfe kewaye da wili. Aka kuma sa kwaɗo a ƙofar wuta, makullin yana aljihun Baba, saboda a unguwarmu ba a rasa mai karambanin da zai ce bari ya gwada da ɗan gawayi.

A ganina an yi daidai, ko da yake ba na son a ɓoye abin da aka rasa. Injin da iska ke turawa yana motsi amma ba ya zufa. Babu ƙamshin mai da ya ji zafi, babu farin tururi daga famfunan silinda da ake buɗewa da farko don ruwan da ya taru ya fita kada ya fasa murfi, babu awannin da ake yi ana ɗaga wuta sannu a hankali don ƙarfe ya miƙe tare. Kuma ranar da aka ɗauke wutar lantarki, injin da aka ƙera don kada ya dogara da kowa sai ya tsaya cak yana jiran a dawo da ita. Allon da ke gabansa ya faɗi gaskiya ƙarara cewa iska ce, ba tururi ba. An so a cire wannan layin, na ƙi.

Abin da ya fi injin saurin lalacewa

Tun ranar gwajin ruwa na gane mun sa ido a kan abin da ba shi ne ya fi gaggawa ba. Tukunyar, yanzu da aka busar da ita aka shafe cikinta aka sa ta ƙarƙashin rufi, za ta iya jiran kuɗi shekara ashirin. Baba ba zai jira ba. Don haka duk ranar Asabar bayan Azahar ɗalibaina huɗu suna zama da shi a siton, ɗaya yana ɗauka da waya, ɗaya yana rubutawa. Da Hausa yake bayani, yana cakuɗa kalmomin Lokeshan na Turanci da Fanti, mu kuma muna rubuta su yadda ya faɗe su. Yadda ake shimfiɗa wuta siririya a tsakiya mai kauri a gefe. Yadda ake gwada gilashin ruwa kowace safiya, don gilashin da ya toshe yana nuna ruwa alhali babu. Abin da ake yi in ruwa ya ɓace daga gilashin: a kashe wuta, kada a kuskura a tura ruwan sanyi a kan farantin da ya yi ja.

Asabar ɗin da ta wuce wata makarantar Islamiyya ta kawo yara. Aka kunna kwamfaresa, wili ya fara juyawa, ƙwallayen gwamna suka buɗe hannu. Wata yarinya 'yar kimanin shekara tara ta zagaya ta baya, ta ga kwaɗon, ta dawo ta tsaya gaban kujerar Baba.

"Baba, me ya sa aka kulle nan?"

"Nan ne bakinsa, jikata. Ba shi da lafiyar ciki, likita ya hana shi abinci."

"Yaushe zai warke?"

Baba ya laluba aljihu ya taɓa makullin, ya juyo ya dube ni. "Malam, nawa aka ce kuɗin bututun nan guda ɗaya? A fara rubutawa, ko ɗaya-ɗaya ne a riƙa saya ana ajiyewa."

Na buɗe sabon shafi a littafin na rubuta. Alhaji ya ce a sa masa biyu.